Ofege Ba 'Yan Kwaikwayo Ba Ne

Ra'ayin da ya yi kane-kane a tsakanin masu sharhi shi ne cewa kiɗan rok na Nijeriya a shekarun 1970 kwaikwayon Turawa ne zalla, kuma wai Afrobit na Fela Kuti kaɗai ya cancanci a kira shi na gida. Wannan hukunci na ganin kitse ne a kan rogo, kuma farkon tarihin ƙungiyar Ofege ya isa ya rusa shi.

A Amurka ana cewa rok na gareji idan samarin da ba su ƙware ba suka haɗa kiɗa a garejin mota da kayan da suka samu, shi kuwa saikedelik salo ne da ake murɗa sautin jita da na'ura har ya riƙa kaɗawa kamar mafarki, irin wanda The 13th Floor Elevators ta birnin Austin ta fitar a 1966. Ofege ta haɗa siffofin biyu, domin ɗaliban kwalejin St. Gregory's da ke Obalende a Legas ne suka kafa ta, cikinsu har da Melvin Ukachi da Paul Alade, kuma ba su bar aji ba lokacin da Odion Iruoje na kamfanin EMI ya naɗi faifansu na farko, Try and Love, a 1973.

Masu zargin kwaikwayo jitar kawai suke saurare, su toshe kunne ga ganga, alhali a bugun ganga da amon bes ne tsarin kiɗan ya saki na Landan ya kama na Legas. Hatta jitar da ake cewa baƙuwa ce, ɗan Nijeriya Berkely Jones na ƙungiyar BLO ne ya kaɗa ta a faifan, mutumin da ya yi aiki da Ginger Baker, Baturen Ingila da ya taso takanas zuwa Legas saboda kiɗan Afirka. Tun da aron kayan kiɗa bai mayar da Fela Ba'amurke ba, babu dalilin da zai sa ya mayar da waɗannan yara Turawa.

Arewa ma tana da hannu a wannan kiɗan rok, domin ƙungiyar Elcados ta yi waƙa mai suna da Hausa, wadda sai da kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da ita a 2008 kafin ta koma kunnen duniya. Masu nazarin waƙa a jami'o'in Kano da Zariya su nemi waɗannan faya-fayen tun masu su na raye.