Sha'anin Kasuwa: Jakar Ƙawa, Jari Ko Asara?

Masu iya magana sun ce, da ganin dami a kale ba a buɗe rumbu. Wannan magana ta dace da ɗan kasuwar Kurmin Sarki a Suleja wanda ya ga manyan matan Abuja suna rataye da jakunkuna masu tsada, har zuciyarsa ta raya masa ya kwashe jarinsa ya buɗe kantin jaka da takalma da ɗamara. Lalle akwai riba a wannan ciniki, amma kuwa akwai ramuka.

Da farko dai, abin da mai kuɗi yake saye shi ne suna. Kamfanin Hermes na ƙasar Faransa ya soma ne a birnin Paris cikin 1837, yana ɗinka kayan doki, watau aikin dukanci sosai. Da sannu ya yi suna, har jakarsa guda mai suna Birkin ta kai ana sayenta fiye da dala dubu goma. Fata da zare ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba, sauran duka ladan suna ne.

Na biyu, suna yakan dushe. Cikin 2023 kamfanin Tapestry na Amurka, mai jakar Coach, ya yi cinikin kamfanin Capri, mai Michael Kors da Versace, a kan dala biliyan 8.5. Kotu ta tsai da cinikin cikin 2024, darajar hannun jarin Capri ta faɗi da kusan rabi a yini ɗaya, daga baya kuma ya sayar wa Prada da Versace cikin 2025. To, in manyan giwaye suna tuntuɓe haka, ina ga mai ƙaramin kanti?

Na uku, kayan waje da dala ake sayo su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda ya sayar da kayansa bashi a tsakanin nan, ko uwar kuɗinsa bai mayar ba. Ga kuma jabu ta cika kasuwa, mai kanti kuwa in an kama shi da ita sau ɗaya, shi ke nan amana ta tafi.

Abin takaici shi ne fatar a gida take. Fatar jan akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan ƙasar Maroko. Har wa yau majemun Kano na Sharaɗa da Challawa suna aika kirgi Italiya da Sifen, a ɗinke shi can, a dawo da shi nan da tsada.

Saboda haka mai dubun dabara ya raba ƙafa. Ya ɗauki kayan waje kaɗan daga hannun wakili amintacce, ya guji ba da bashi, sauran jarin kuwa ya nemi ƙwararrun dukawa na Kano ko Zariya su ɗinka masa jaka mai inganci, ya buga mata tambarinsa. Suleja ta taɓa ganin irin wannan, gama tukwanen Ladi Kwali daga garin nan suka fita har suka kai Ingila da Amurka. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.