Sharhi: Ƙwan zabi ko na kiret? Damina da iyaka ke yi wa mutanen Magaria da Dungass zaɓi

Duk wanda ya je sayen ƙwai a Magaria ko Dungass da tsakiyar damina zai tarar da iri uku: na zabi, na kajin gida, da na gidan gona da ake jerawa a kiret. Da kaka ta wuce sai na zabi ya yi ɓatan dabo, domin zabuwar karkara da damina take yin ƙwai.

Mai shayi na kiret yake so. Ya fi girma, yana cika kasko, kuma ana samunsa rani da damina. Sai dai da yawansa daga gonakin Najeriya yake shigowa, don haka farashinsa na bin darajar naira da tsadar masarar da kajin ke ci a can. Yana kuma bin siyasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Ƙwai kuwa ba buhun shinkafa ba ne da za a ɗora wa babur a bi ɓarauniyar hanya da shi.

Akwai kuma batun cuta. A Magaria aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Nijar, cikin Fabrairun 2006, makonni kaɗan bayan ɓullarta a wata gona a jihar Kaduna.

Ƙwan zabi ƙarami ne, amma ɓawonsa na da kauri, yana jure jijjigar mota, yana kuma daɗewa bai lalace ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina kuɗin mai saye sun fi tsira a nan. Abin da mai saye ba ya gani shi ne lissafin matar da ta kawo shi kasuwa. Zabuwa ba ta cika kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwan ta ƙyanƙyashe. Duk ƙwan da aka sayar da araha a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba, zabo ne da zai yi kuɗi bayan 'yan watanni.

Ƙwan kajin gida kuwa bai cika yawa a kasuwa ba, ƙyanƙyasa ake bar wa shi. Idan an kawo, a gwada shi a kwanon ruwa: wanda ya taso sama ya kwana biyu.