Kafin Mu Fente Injin, Mu Fara Toshe Yoyon Kabureta

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu masu moto, musamman 'yan kabu-kabu. Da Sallah ta matso, ko mutum zai kai motonsa kasuwa, sai ya sayo gwangwanin fenti ya feshe injin yana ta ƙyalli, alhali isansi na ɗiga ta gindin kabureta. To, don Allah wa muke yaudara?

Yoyon nan ba aikin aljanu ba ne. A ƙasan kabureta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da wata allura da ke rufe hanya idan kwanon ya cika. In rairayi ya maƙale a bakin allurar, ko ta cinye, mai zai yi ta kwarara ta tiyon ƙasa. Wani lokacin robar bakin kwanon ce ta bushe, ko tiyo ya tsage saboda rana. Hanyoyinmu rairayi ne, kuma yawancinmu man kwalba muke sha wurin 'yan ruwa-ruwa, sau da yawa ba a tace ba. Gyaran bai wuce a kwance, a wanke, a hure, a canza allura ko roba, a ɗaura ƙaramar matata a tiyo. Goga sabulu da ɗaure wurin da leda kuwa jinkirta masifa ne kawai.

Wani zai ce ai ɗigo ne. Ko kofin shayi guda ke zuba a yini, a wata ya haura lita. Matatar SORAZ a jiharmu ta Damagaram take tun 2011, amma duk da haka mun ga layin mai a watan Maris na 2025. Tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023, man arha na kan iyaka ya zama labari.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Mu ne ke kwana da moto a zaure ko cikin ɗaki, kusa da murhu, ga yara kwance. Tartsatsi guda ya isa, Allah Ya kiyaye.

Ba mu ƙi kwalliya ba. Sai dai isansi na cin fenti, sabon shafe a kan injin mai yoyo ba ya daɗewa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma injinmu iska ke sanyaya shi. In aka lafta fentin ƙofa a haƙarƙarinsa, zafin Afrilu zai nuna mana kuskurenmu. A gyara yoyo tukuna, a kankare maiƙo, sannan a fesa fenti mai jure zafi, sama-sama.

Makanikai, ku riƙa faɗa wa mai moto gaskiya ko da ransa zai ɓaci. Mai saye, buɗe makunnin mai ka duƙa ka duba ƙasa kafin ka miƙa kuɗi. Mu kuma, duk inda muka ajiye moto, mu rufe makunnin mai.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.