Ra'ayinmu: Bindigar Mazan Jiya, Gidan Tarihi Ne Wurinta

'Yan'uwa, a ikilisiyoyinmu da dama akwai gidajen da har yau ke ajiye da lambar yabo ta kakan da ya je Yaƙin Bama. Mazan jiyan nan sun yi yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a dazuzzukan Bama, har aka gama yaƙin a 1945. Bindigar da akasarinsu suka rataya ita ce Lee-Enfield, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1895. Tana cin harsashi 10.

A ƙasashen Turawa akwai masu tara irin waɗannan makamai kamar yadda wasu ke tara kan sarki. Sukan duba hatimin da ke jikin ƙarfen su gane masana'antar da ta ƙera ta, ko Enfield a Ingila ko Ishapore a Indiya, da shekarar da aka yi ta. Ba mu ga laifin wannan ilimi ba, tarihi ne. Amma a Ingila yawancin masu wannan sha'awa sai an toshe bindigar yadda ba za ta ƙara tashi ba, an kuma ba da takardar shaida, kafin su rataye ta a bango.

Mu kuwa halinmu dabam ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe makamin soja ba tare da izini na musamman ba. Tsufa kuma ba ya hana bindiga kisa, yaron da ya tsince ta a rumbu bai san kunamarta na da rai ba. Idan rikici ya tashi a gari, abin da aka ce kayan tunawa ne shi ake fara laluba.

Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙera AK-47, kafin rasuwarsa a 2013 ya rubuta wa shugaban Ikilisiyar Otodoks ta Rasha yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe na wuyansa. Mai ƙera ta ke nan, balle mai ɓoye ta.

Mai son ganin makaman Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Wanda kuma ya gaji bindiga ko harsashi, muna roƙonsa ya nemi fasto ko dattijon ikilisiya su raka shi ya miƙa wa 'yan sanda. Lambar yabo da hoto da takardar sallama ya riƙe su ya nuna wa jikoki.