Yaron da ya yi shiru a wurin reno

A Madarumfa in yaro ɗan shekara biyu ya maƙale wa uwarsa sai mu ce ƙiwa gare shi, in ya lafe a lungu kuma mu ce mai haƙuri ne. Ni dai wannan "haƙurin" bai kwanta mini ba.

Akwai sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa, kotizol. Bisa al'ada da safe yake yawa, ya riƙa sauka har dare. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota a Amurka da abokan aikinta sun auna shi cikin yawun yara. A gida yana sauka, amma a wurin reno na yara da dama hawa yake zuwa la'asar, musamman ƙanana masu tsoro da jin kunya. In mai renon tana kula da kowa sosai, hawan kan ragu.

To mu fa? Uwa ta tafi tsinkar zogale a Jiratawa ko kasuwar Maraɗi, dole ta bar shi wani wuri. Ban ga laifinta ba. Amma kakar da ya saba da ita daban, ɗaki guda da yara cunkus hannun mace ɗaya daban. Haka ma yaye: rana ɗaya a raba shi da nono, a kai shi gidan da bai sani ba.

Ƴan uwa, kafin ku biya kuɗin reno ku tambaya: yara nawa ke hannun mutum ɗaya? In yaronku mai ƙiwa ne, ku zauna da shi kwanakin farko, ko da awa guda ce.