A Gama Shari'ar Zaɓe Kafin a Rantsar da Gwamna

Ranar 18 ga Maris, 2023 Kanawa suka kaɗa ƙuri'ar gwamna, amma ba su tabbatar da wanda zai mulke su ba sai 12 ga Janairu, 2024. A tsakanin nan an rantsar da Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu. A watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasararsa, alƙalan ma ba su zauna a zauren kotu ba, ta intanet suka karanta hukuncin, kafin dare kuwa an sa dokar hana fita. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu a Nuwamba, sannan Kotun Ƙoli ta rushe duka biyun. A rana ɗaya da Kano aka raba gardamar Filato da Zamfara. Wata bakwai da rabi ke nan gwamnoni na sa hannu a takardun hukuma alhali kujerarsu na rawa.

Laifin ba na alƙalai kaɗai ba ne, lissafin kundin tsarin mulki ne bai yi daidai ba. Sashe na 178 ya ce kada a yi zaɓen gwamna fiye da kwana 150 kafin wa'adin mai ci ya ƙare. Sashe na 285 kuma ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun farko ta samu kwana 180, kowace ɗaukaka ƙara kwana 60. Tunda shari'ar gwamna sai ta kai Kotun Ƙoli, jimla kwana 321 ke nan. Ta yaya za a cusa 321 cikin 150? Dokar da kanta ta shirya cewa a rantsar da mutum tukuna, daga baya a bincika ko shi ya ci. Kamar a kai amarya ɗaki ne sannan a zauna shari'ar ko wane ne angon.

Mun ga abin da wannan ya haifar. Chris Ngige ya mulki Anambara daga 2003 har Maris na 2006 kafin kotu ta ce Peter Obi ne ya ci. Segun Oni a Ekiti da Olagunsoye Oyinlola a Osun sun shafe fiye da shekara uku bayan zaɓen 2007 kafin a sauke su a 2010. Da yake sashe na 180 ya ce shekara huɗun gwamna tana farawa ne daga ranar rantsuwa, duk wanda kotu ta ba kujera sai ya fara ƙirga nasa daga farko. Wannan ne babban dalilin da ya sa yau jihohi takwas, Anambara da Bayelsa da Edo da Ekiti da Imo da Kogi da Ondo da Osun, ke zaɓen gwamna a lokacin da ya saɓa da na sauran. Gaskiya ne gyaran kundin da aka yi a 2010 ya sa wa shari'ar zaɓe iyaka, ba a ƙara ganin shekara uku ana jan ƙafa ba. Amma ko bayan gyaran, Emeka Ihedioha ya mulki Imo daga Mayu na 2019 zuwa Janairu na 2020 kafin Kotun Ƙoli ta ba Hope Uzodinma.

Ɓarnar ta wuce rikicewar kalanda. Wanda aka rantsar ya shiga kotu ne da baitulmalin jiha a hannunsa, da rigar kariya ta sashe na 308, da jiniya, abokin shari'arsa kuwa da aljihunsa kawai. Ko alƙali waliyyi ne, jama'a za su yi zargi. Kuma gwamnan da bai san ko zai kai shekara ba, hankalinsa na wurin lauyoyi. Ɗan kwangila na jira, babban sakatare na taka-tsantsan kada ya ɓata da mai zuwa. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais tun 2008 ya ba da shawarar a kammala ƙararrakin zaɓe kafin rantsuwa. Har yau ba a aiwatar ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi na da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko: in aka matso da zaɓe wata shida kafin miƙa mulki, gwamnan da ya faɗi zai samu sararin wawushe asusu da ɗaukar ma'aikatan da zai bar wa magajinsa nauyinsu. Haka ne, sai dai mai wannan niyya yana yinta a ɗan lokacin da yake da shi yanzu. Maganinsa dokar miƙa mulki ce da za ta hana cin bashi da manyan naɗe-naɗe bayan zaɓe. Ta biyu ta fi nauyi: gaggawa na iya kai alƙali ga kuskure, wasu ma na cewa a rage matakai, shari'ar ta tsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara kamar yadda take kafin 2011. Wannan kam a'a. Da haka ake yi, da hukuncin da Kotun Ƙoli ta ce kuskure ne a Kano da Filato ya zauna daram. 'Yan majalisar Filato da shari'arsu ta ƙare a can ba su samu mai share musu hawaye ba. Matakin farko ya kamata a cire: a fara daga Kotun Ɗaukaka Ƙara a ƙare a Kotun Ƙoli, kamar yadda ake yi wa zaɓen shugaban ƙasa. A kuma wajabta wa INEC ta miƙa takardun sakamako da bayanan na'urar BVAS cikin 'yan kwanaki, domin neman waɗannan takardu ke cinye lokacin mai ƙorafi.

Zamfara ma ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Ranar 24 ga Mayu, 2019, saura kwana biyar a yi rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, aka rantsar da Bello Matawalle ranar 29. Shari'ar kafin zaɓe ce, kuma hukuncin ya yi wa mutane da yawa ɗaci. Amma ba a sauke gwamna mai ci ba, ba a rushe majalisar kwamishinoni ba, kuma a 2023 Zamfara ta yi zaɓenta rana ɗaya da sauran jihohi.