Dafin Da Ya Kwanta Bai Mutu Ba

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda ido ba ya gani, amma yana iya shiga tukunyar kowane gida. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Farin Gada a nan Jos da sassafe ya ga yadda ake loda kabeji da karas da latas cikin motoci zuwa manyan biranen ƙasar nan. Da rani, da yawa daga cikin kayan nan a bakin kogin Dilimi ake noma su, da kuma gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajejen Bukuru da Barikin Ladi. To, mene ne ke kwance cikin wannan ƙasa da lakar waɗannan ruwaye?

Akwai wasu magungunan ƙwari masu naci, watau waɗanda ba su ruɓewa da sauri. Shahararrensu shi ne DDT, wanda Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfinsa a 1939. A nan Arewa an yi feshinsa, shi da wani mai suna dildirin, a shirin yaƙi da sauro da aka fara a yankin Birnin Kebbi a 1954. Dattawa kuma ba su manta da Gammalin 20 ba, mai ɗauke da sinadarin lindan, wanda wasu suka riƙa barbaɗa wa wake ko su zuba a rafi don kama kifi. Ga kuma man PCB na cikin tsofaffin tiransifomomi, da dafin dayoksin da ke fita idan an ƙone leda da robobi a juji.

Illarsu ita ce, rabin DDT ɗin da ya shiga ƙasa yana iya kai shekara 15 kafin ya lalace. Ba su narkewa sosai cikin ruwa, sai dai cikin kitse, saboda haka sukan taru a jikin kifi da madarar shanu, har da nonon uwa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya lindan cikin abubuwan da ke haddasa wannan cuta.

Duniya dai ba ta zauna ba. A 2001 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Sitokholm a kan sinadarai 12, ta fara aiki a 2004, Nijeriya kuma tana cikinta. An ƙara lindan a 2009, DDT kuwa an bar shi don yaƙi da ƙwari masu yaɗa cututtuka irin su sauro kaɗai. Hukumar NAFDAC ma ta haramta magungunan ƙwari 30 a 2008. Amma doka tana hana sayarwa ne, ba ta tono abin da ya riga ya shige ƙasa. A nan ne sauyin yanayi ya shigo cikin magana, domin shi ne ke tayar da dafin daga barci, ta hanya uku.

Ta farko ita ce zafi. In rana ta ƙwalle, dafin yakan tashi daga ƙasa kamar tururi, iska ta ɗauke shi, ya sauka inda ya tarar da sanyi. Ta haka ne a ƙarshen shekarun 1980 aka sami PCB mai yawa cikin nonon matan ƙabilar Inuit na arewacin Kanada, alhali kuwa ba su da masana'antu. A 2011 masana suka nuna cewa narkewar ƙanƙara a can tana sake sakin dafin da ta riƙe. An kuma ga irin wannan taruwa a kan manyan duwatsun Turai. Jos kuwa tana bisa tudu mai kimanin ƙafa 4,000, kewaye da ƙasashe masu zafi, don haka bai kamata mu ɗauka sanyinmu garkuwa ne ba.

Ta biyu ita ce ruwan sama. Yayyafi mai natsuwa yakan nutse, amma ruwa kamar da bakin ƙwarya yakan kwashe fatar ƙasa da juji gaba ɗaya. Mutanen Rikkos da Gangare ba za su manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje. Irin wannan ruwa ba a Jos yake tsayawa ba. Dilimi yana gangarawa zuwa kogin Jama'are, ya kai fadamun Hadeja da Nguru, daga nan zuwa tafkin Cadi. Kogin Kaduna da na Gongola ma daga wannan tudu suka taso. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

Ta uku ita ce fari. In damina ta gaza, kududdufai sukan janye, manomi ya tura bututun injinsa cikin laka, inda dafin ya fi taruwa. Lakar da ta bushe kuwa hunturu ya tashe ta ƙura. Bugu da ƙari, shekarar zafi shekarar ƙwari ce, sa'an nan ne mai lambu da ya ga amfaninsa na lalacewa yakan sayi kowace kwalba marar suna da aka ce masa tana da ƙarfi.

To, ina mafita? Manomi ya guji maganin da ba shi da lambar NAFDAC, ya nemi shawarar malamin gona. Magidanta su daina ƙona leda a bakin rafi, kada kuma kowa ya taɓa man tiransifoma don shafawa ko wani amfani. Gwamnatin Jihar Filato ta haɗa kai da Jami'ar Jos a riƙa auna laka da kifi da madara sau biyu a shekara, da rani da bayan damina, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a da Hausa da sauran harsunan jihar. Kada masu lambu su ɗauki wannan a matsayin sukar sana'arsu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ke zaune a kan tushen kogi, amanar na ƙasa da shi tana wuyansa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.